Jadawalin ƙwallon Kamaru: Kada gasar Afirka ta zama hujjar kashe ta gida

Ranar Lahadi 21 ga Disamban 2025 aka buɗe gasar cin kofin ƙasashen Afirka a Maroko, aka rufe ranar 18 ga Janairun 2026. Kamar kullum, duk wata hira a Garwa ta koma kan Zakunan Kamaru: wa aka kira, wa aka bari, wane ne zai tsare gida. Ba laifi ba ne, ni ma ina cikin masu wannan hira. Amma akwai tambayar da nake so mu ajiye a gaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato FECAFOOT: idan an gama irin wannan biki, a wane wata ne za a cusa wasannin gasarmu ta gida, kuma wa zai ɗauki nauyin wannan cushe?

Amsar da shekarun baya suka ba mu ba ta da daɗin ji. Duk lokacin da aka jinkirta gasar Elite One, ko aka tsayar da ita saboda wata gasar duniya, wasannin da suka taru sukan faɗo ne a watannin Maris, Afrilu da Mayu. A Yawunde ko Bafusam waɗannan watanni ne kamar sauran watanni. A Garwa da Marwa kuwa su ne tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, lokacin da ko ɗan acaɓa yakan nemi inuwa bayan azahar. Ga kuma azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake zagayowa daidai cikin wannan tsakani. Saboda haka maganar jadawali, mu a arewa, magana ce ta lafiyar 'ya'yanmu da abincin iyalansu da kuma ibadarsu.

Bari mu fara da yi wa hukuma adalci, domin ba ita kaɗai ce ke riƙe da kalandar ba. Shekaru da dama gasar Afirka tana da lokacinta sananne, Janairu zuwa Fabrairu. Marigayi Isa Hayatu, ɗan wannan gari da ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka ta CAF daga 1988 zuwa 2017, ya tsaya kai da fata a kan wannan lokaci duk da kukan ƙungiyoyin Turai, domin ya san yadda damina take a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a watan Yuni da Yuli. Allah ya jiƙansa. Yana sauka, a watan Yulin 2017, aka zauna a Rabat aka mayar da gasar Yuni da Yuli, aka kuma ƙara ƙasashe daga 16 zuwa 24. Sau ɗaya tak aka iya cika wannan alkawari, a Masar a 2019, wadda ma asali mu aka ba kafin a karɓe a ƙarshen 2018. Tamu ta 2021 an dawo da ita Janairu saboda ruwan sama, sannan annobar korona ta tura ta zuwa 2022. Ta Kwaddibuwa ma ruwan ne ya ɗaga ta daga tsakiyar 2023 zuwa Janairun 2024. Ta 2025 kuma gasar ƙungiyoyin duniya da FIFA ta shirya a Amurka a watan Yuni da Yuli ce ta ture ta zuwa ƙarshen Disamba. A tsakiyar wannan duka ga gasar cin kofin duniya ta Katar, wadda aka yi daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamban 2022. Duk wanda aka ce ya tsara kakar wasa a cikin irin wannan yanayi, to lallai an ba shi aiki.

Sai dai wannan wahala ba Kamaru kaɗai ta sama ba. Maroko da Masar da Afirka ta Kudu da Tanzaniya duk a ƙarƙashin CAF ɗin nan suke, amma magoya bayansu sun san watan da ake farawa da watan da ake gamawa. Maƙwabtanmu na Najeriya, da su ma suka daɗe cikin wannan ruɗani, sun yanke shawara a 2023 suka buga gajeriyar kaka daga Janairu zuwa Yuni don su daidaita lissafi. Tun daga nan suke farawa a watan Agusta ko Satumba. Mai goyon bayan Kano Pillars yau yana iya gaya maka lokacin da kakar baɗi za ta fara. Mai goyon bayan Coton Sport sai dai ya ce maka sai an sanar.

Mu duba abin da ya faru a gabanmu. A watan Maris na 2020 korona ta tsayar da gasa, aka ba PWD ta Bamenda kofi. Ga kuma rigimar da ta ɓarke tsakanin FECAFOOT da hukumar gasar ƙwararru da Janar Pierre Semengue yake jagoranta, har aka kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Siwizalan. Ana cikin wannan ja-in-ja muka karɓi baƙuncin gasar CHAN a Janairun 2021, gasar da 'yan wasan cikin gida kaɗai suke bugawa, alhali 'yan wasan namu sun yi kusan wata goma ba su taka wata gasa ta kirki ba. Suka yi iya ƙoƙarinsu suka kai wasan kusa da na ƙarshe, Maroko ta lallasa su da ci 4 da nema a Limbe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekara ta zagayo, aka zo gasar Afirka ta gida. A nan kam dakatar da gasa yana da hujja, domin filayen wasa duk an miƙa su ga CAF. Filin Rumde Ajiya ya sha gyara, ya karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau. Babu wanda zai manta da ranar 11 ga Janairun 2022, da Kelechi Iheanacho ya ci Masar, garin nan ya cika da baƙi daga Yola da Mubi da Maiduguri. Amma me ya biyo baya? Sai a watan Maris aka fara kakar wasa, aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu, aka riƙa buga wasa a kan wasa don a gama kafin wa'adin CAF. Azumin shekarar ya kama a farkon Afrilu ya ƙare a farkon Mayu, wato gaba ɗayansa a tsakiyar wannan tsere, kuma a watan da ya fi kowane zafi a nan.

Kakar 2024 zuwa 2025 ita ce ta fi bayyana matsalar, domin babu wata gasar Afirka a gabanta da za a fake da ita. Victoria United ta ɗauki kofi, sannan aka yi fiye da wata shida babu gasa, sai a watan Disamba aka dawo. A cikin wannan hutu ne Victoria United ta shiga zagayen share fage na kofin zakarun Afirka a watan Agusta, Samartex ta Ghana ta fitar da ita tun a matakin farko. A ƙarshen Disamban kuma, makonni kaɗan da fara gasa, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta hana mu zuwa CHAN. Ƙasar da ta ɗauki kofin Afirka sau biyar! Wannan ya nuna cewa gasannin duniya wani ɓangare ne kawai na labarin. Sauran rigimar shugabanci ce, da jiran kuɗin tallafi, da rashin ɗaukar gasar gida da muhimmanci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Yanzu mu yi lissafin da ɗan aji shida zai iya yi. CAF takan buƙaci kowace ƙasa ta miƙa sunayen ƙungiyoyin da za su wakilce ta zuwa ƙarshen watan Yuni. Daga 18 ga Janairu zuwa 30 ga Yuni mako 23 ne. Gasar da take da ƙungiyoyi 16, kowace ta buga gida da waje, tana buƙatar zagaye 30. Cire makon da FIFA ta ware wa ƙasashe a ƙarshen Maris, cire ranakun kofin ƙasa, cire bukukuwan 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu da ake amfani da filaye. Duk kakar da aka jingine ta sai bayan gasar Maroko, dole a riƙa buga Laraba da Lahadi, ko kuma a sake yanka ƙungiyoyi rukuni-rukuni. Azumin 2026 kuma ya kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, ya kai bayan tsakiyar Maris. Ana shan ruwan salla zafi ya kankama.

Laraba da Lahadi ga ƙungiyar Duwala ko Yawunde gajiya ce kawai. Ga ƙungiyar Garwa azaba ce. Tsakaninmu da Yawunde fiye da kilomita dubu ne. Wanda ba shi da kuɗin jirgin sama sai ya bi mota zuwa Ngaundere, ya hau dutsen nan da kowa ya san halinsa, sannan ya kwana a jirgin ƙasa, ko ya ci gaba da mota ta Meiganga da Bertuwa. Mafi yawan ƙungiyoyin gasar suna kudu. Su sau ɗaya ko biyu suke hawowa arewa a kaka guda, mu kuwa kusan kowane wasan waje sai mun ratsa ƙasar. Coton Sport tana da kamfanin auduga na SODECOTON a bayanta, tana iya jurewa. To ƙungiya kamar Gazelle fa, ko wata daga Marwa ko Ngaundere da take mafarkin hawowa? Jadawalin da aka cushe yana tace ƙungiyoyi ne da aljihu tun kafin a shiga fili.

Sai maganar lokacin wasa. An saba a ƙasar nan ana take wasa da ƙarfe uku ko uku da rabi na rana. A watan Afrilu a Garwa, wannan lokaci ne da ni a aji nake ganin yara suna narkewa a kan benci ba tare da sun yi gudun ko taku ɗaya ba. A ce saurayi ya yi minti 90 yana gudu a cikin wannan rana, wataƙila da azumi a bakinsa, jama'a wannan ganganci ne. Wani zai ce ai shari'a ta yi wa matafiyi sassauci. Gaskiya ne, wanda ya je Duwala buga wasa matafiyi ne, yana iya sha ya rama. Amma ɗan Coton Sport da yake buga wasa a Rumde Ajiya, gidansu yana Lopere ko Kolere ko Yelwa, wace tafiya ya yi? An bar shi ya zaɓa tsakanin azuminsa da gurbinsa a cikin 'yan wasa goma sha ɗaya. Hukuncin wannan na malamai ne, ni ba zan shiga ba. Abin da nake cewa shi ne, mai tsara jadawali yana da ikon da zai hana a kai yaron ga wannan zaɓi tun farko. Kuma zafin nan bai san Musulmi ko Kirista ba. Ɗan wasan da ya zo daga Buya ko Bamenda, wanda bai saba da shi ba, shi ya fi shan wuya.

Akwai kuma waɗanda ba a lissafa su idan ana maganar jadawali. Ɗan wasan da aka yi wata shida ba a buga gasa ba, sau da yawa wata shida ke nan babu albashi babu ladan wasa, kuma ƙungiyar 'yan wasa ta SYNAFOC ta sha yin kuka a kan bashin albashi. Mai sayar da ruwan sanyi da mai tsire da mai gyaɗa a bakin fili, da 'yan acaɓan da ranar wasa take cika musu aljihu, da masu masaukin baƙi, duk ranar wasa ce kasuwarsu. Sannan ga yaran da suke makaranta suna kuma buga wa ƙananan ƙungiyoyi. Watan Mayu da Yuni su ne na jarrabawar BEPC da Probatuwa da Bakaloriya. Na ga ɗalibin da aka ɗauke shi tafiyar wasa ana saura kwanaki kaɗan ya zauna jarrabawa, saboda wasan da ya kamata a buga tun Janairu sai lokacin aka samo masa rana. Ya dawo da gajiya, ya faɗi, ƙungiyar kuma ba ta riƙe shi ba. Ba karatu, ba ƙwallo.

Mu a makaranta, kafin a koma aji a watan Satumba, ma'aikatun ilimi sun riga sun fitar da kalandar shekara: ranar buɗewa, ranakun hutu, makon jarrabawa. Ba don gwamnati ta fi kowa tsari ba, sai don an yarda cewa ba a wasa da lokacin miliyoyin yara. Ranakun gasannin duniya ma ba gaibu ba ne. Tun tsakiyar 2024 aka san ranar da za a fara gasar Maroko. An san gasar kofin duniya za ta fara 11 ga Yunin 2026, kuma tun da Kwango Kinshasa ta doke mu a Rabat a watan Nuwamban 2025 mun san ba za mu je ba. An san gasar Afirka ta 2027 a Kenya da Yuganda da Tanzaniya za a yi ta. Watan azumi kuwa kowane kalanda na bango yana nuna shi, da bambancin kwana ɗaya ko biyu. To me ya rage?

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin hukuma.

Na farko, a tsayar da lokacin kaka, a rubuta shi a doka, a buga na shekara uku a jere. A fara a watan Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ruwa ya fara sauƙi, a gama a watan Mayu. Da haka watannin hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu, waɗanda su ne mafi daɗin wasa a arewa, za su shiga cikin kaka maimakon a ɓarar da su ana jira. Wakilanmu a gasannin CAF kuma ba za su riƙa shiga fili da ƙafafu masu tsatsa ba.

Na biyu, idan gasar Afirka ba a ƙasarmu ake yi ba, kada a rufe gasar gida gaba ɗaya. 'Yan wasan cikin gida da ake kira tawagar ƙasa a yatsu ake ƙirga su. A gasar Katar, Souaibou Marou na Coton Sport yana cikin ƙalilan ɗin da suka samu shiga. Don me za a zaunar da ɗaruruwan 'yan wasa wata guda saboda mutum uku ko huɗu? A sa doka: ƙungiyar da aka ɗauki 'yan wasanta uku ko fiye, a ɗaga mata wasanta, saura su ci gaba. A kauce wa ranar da Zakuna suke wasa kawai. Na san za a ce mutane za su zauna gaban talabijin su bar fili. Wataƙila a makon farko. Amma Ingila ba ta tsayar da gasarta don gasar Afirka ba, kuma matasanmu suna kallon duka biyun a gidajen kallo ba tare da sun rikice ba. Wanda ya ga Zakuna ranar Laraba, ƙwallo ce za ta tashi a ransa ranar Lahadi.

Na uku, daga Maris zuwa Mayu, da kuma duk watan azumi, wasannin arewa a mayar da su dare. Rumde Ajiya yana da fitilu, a ƙarƙashinsu Tunisiya ta fitar da Najeriya da ƙarfe takwas na dare ranar 23 ga Janairun 2022. An kashe kuɗin jama'a an kafa su, to a kunna su. Ana shan ruwa a nan wajen shida da kwata a wannan lokaci, a take wasa da ƙarfe tara bayan an idar da asham, kamar yadda ake yi a Masar da Maroko. Za a ce wuta, domin a bazara ruwan madatsar Lagdo yakan ja baya, ɗauke wuta ya yawaita. Haka ne. Amma wasanni nawa ne? Ba su wuce a ƙirga ba, kuma kuɗin man janareta na awa uku bai kai kuɗin kwantar da ɗan wasa ɗaya a asibiti ba. Za a ce tsaro, to jami'an da suka tsare dubun dubatar baƙi a 2022 suna nan. Inda dare bai yiwu ba, a jera wa ƙungiyoyin arewa wasanninsu na gida a lokacin hunturu, na waje a bazara. Alƙalami ne kawai.

Na huɗu, hutun shan ruwa ya zama dole a duk wasan da zafi ya tsananta, kamar yadda dokar FIFA ta tanada, kada a bar shi ga ganin damar alƙalin wasa. Idan kuma magariba ta riski wasa a watan azumi, a tsaya minti ɗaya ko biyu a yi buɗa-baki. A Ingila an fara yin haka tun 2021, a wasan Leicester da Crystal Palace, ƙasa ba ta tsage ba. Ƙasar da ta haifi Vincent Aboubakar a nan Garwa, wanda ya ci mana kofi a 2017 ya kuma zura ƙwallo takwas a 2022, bai kamata a koya mata wannan daga waje ba.

Na biyar, a haɗa tafiye-tafiye. Ƙungiyar da ta sauka kudu ta buga wasa biyu kafin ta dawo, wadda ta hawo arewa ta gama da ƙungiyoyin Garwa a zuwa ɗaya. A kuma bar makonnin jarrabawa babu gasar matasa.

Samuel Eto'o ya hau kujerar FECAFOOT a Disamban 2021 da alkawarin dawo wa gasar gida da martabarta, kuma ya sake samun wani wa'adi. Kocin da aka damƙa wa Zakuna a Disamban 2025, David Pagou, a gasar gidan nan ya yi suna, shi ya ci kofi da PWD. Ke nan masu mulkin ƙwallon sun san darajar abin da nake magana a kai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna roƙonsu ne su fitar da kalanda guda, su tsaya a kanta, su kuma tuna cewa Kamaru ba ta ƙare a Ngaundere ba.

Mu ma akwai namu. Wakilan arewa a babban taron hukumar, da shugabannin ƙungiyoyinmu, da 'yan majalisarmu, su daina zuwa Yawunde su ɗaga hannu su dawo. Su tafi da takarda a rubuce, da ranaku, da lissafin kilomita, da ma'aunin zafi. Coton Sport da aka kafa a 1986 ta zama zakarar babbar gasar ƙasa sau 18, ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 da Al Ahly. Idan ta yi magana dole a saurara, kuma ya kamata ta yi maganar da yawun ƙananan ƙungiyoyin da ba su da murya. Mu 'yan kallo kuma, idan aka mayar da wasa dare saboda mu, to mu fito mu sayi tikiti mu cika fili, mu riƙe yaranmu da tarbiyya, kada a ce an gwada ba a ga kowa ba.

Allah ya ba Zakuna sa'a. Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci ga yaran da suke buga ƙwallo a nan gida, amin.